Likitan cikin waya: Ba a cinikin biri a sama, darasi daga Madarunfa

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, sunan Madarunfa ba baƙo ba ne a kunnensa. Gari ne da ke kudu da birnin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tafiyar da ba ta kai ta awa guda a mota ba, ya kuma yi suna saboda tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da shi. Su kuwa 'yan kasuwa sun fi sanin yankin ta wajen kifin tafki da zogalen Jiratawa da gero da wake, waɗanda ake hada-hadarsu a kasuwannin Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa.

To, a 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo rumfunan kasuwanninmu, kuma a cikin aljihu ya shigo. Wannan baƙo shi ne abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da mutum zai rubuta mata tambaya ko ya yi mata magana a wayarsa, ta mayar masa da amsa kamar da ɗan Adam yake hira. A ƙarshen Nuwamban 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, a Afrilun 2024 kuma Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Nijeriya, ga kuma Gemini ta kamfanin Google. A Janairun 2026 OpenAI ya bayyana cewa mutum fiye da miliyan 230 ne ke yi wa manhajarsa tambaya kan lafiya a kowane mako.

Dalilin da ya sa ɗan kasuwa zai rungumi wannan abu a fili yake. Wadda ke suyar ƙosai tun asuba, ko wanda ke zaune a kan buhunan hatsi daga safe har magariba, zuwa asibiti a wurinsu rufe rumfa ne, ga kuɗin kabu-kabu, ga dogon layi, ga cinikin ranar ya tafi. Ita kuwa waya ba ta neman kuɗin kati, ba ta gajiya, ba ta tsawa. Abin tambaya shi ne, wane aiki ya kamata a ba ta a kan lafiyarmu, wane ne kuma bai kamata ba? Mutanen Madarunfa suna da amsar da ta fi ta kowa, domin a gabansu aka yi ta gwada magani kafin a yarda da shi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ƙungiyar likitocin nan ta na-gari na kowa, wato MSF, ta daɗe tana aikin kula da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a jihar Maraɗi, tare da cibiyarta ta bincike mai suna Epicentre. Daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013, masu binciken sun bi yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani a asibitoci huɗu na yankin Madarunfa, domin su gano ko ba kowane yaro maganin amoxicillin yana ƙara yawan waɗanda ke warkewa. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kashi 65.9 cikin 100 sun warke a cikin waɗanda aka ba maganin, kashi 62.7 kuma a cikin waɗanda ba a ba, bambancin da masanan suka ce bai taka kara ya karya ba, ko da yake maganin ya rage yawan yaran da sai an kwantar da su. Abin mamaki, wani bincike irinsa da aka yi a ƙasar Malawi aka buga a 2013 ya nuna maganin yana ƙara warkewa, yana kuma rage mace-mace. Tambaya guda, magani guda, amma ƙasa daban, yara daban, sai amsa ta sha bamban. 

Hakazalika, daga 2014 an gwada allurar rigakafin gudawar yara ta ɗigawa a baki mai suna Rotasiil, wadda kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya yi, a kan jarirai fiye da 3,500 a yankin na Madarunfa. Kowane jariri ya karɓi ɗigo sau uku, yana da mako 6 da 10 da 14, aka kuma yi ta bin su gida-gida. A 2017 aka sanar da cewa rigakafin ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kashi 66.7 cikin 100, ga shi kuma yana jure zafi irin na ƙasarmu. Sai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa hannu. Shekara huɗu ke nan ana aune-aune a kan magani guda.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan da amsar da waya ke bayarwa cikin daƙiƙa biyar. Ba ta taɓa jikinka ba, ba ta auna jininka ba, ba ta ga idonka ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a cinikin biri a sama, kuma babu wadda za ta biya kuɗin buhun wake ba tare da ta zura hannu ta ga ko ƙwari sun ci ba.

Yadda abin yake aiki

Masana sun bayyana cewa waɗannan manhajoji an ɗura musu rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan 'yar'uwarta. Saboda haka sau da yawa sukan faɗi daidai, amma idan suka yi kuskure, da irin muryar nan ta tabbaci suke yin sa. Kamar dillalin nan ne mai zaƙin baki da ba ya taɓa cewa babu. Ko ba ya da hajar zai ce zauna yanzu a kawo. A Afrilun 2025 sai da OpenAI ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT, saboda manhajar ta koma yi wa mutane daɗin baki, duk abin da suka faɗa sai ta ce sun yi daidai.

An kuma ga illar abin a aikace. A 2023 wata ƙungiyar taimakon masu matsalar cin abinci a Amurka ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba mutanen da ramewa ke neman hallaka su shawarar yadda za su rage ƙiba. A Agustan 2025 kuma wata mujallar likitoci a can Amurka ta kawo labarin wani dattijo ɗan shekara 60 da ya so ya daina cin gishiri. Bayan ya tuntuɓi ChatGPT, sai ya maye gurbin gishirin da wani sinadari da ake kira sodiyam buromaid, ya yi wata uku yana ci. Daga ƙarshe kansa ya juye, yana gane-gane, yana zargin maƙwabcinsa da sa masa guba, sai da ya yi mako uku a asibiti. Likitocin ba su ga hirar da ya yi da manhajar ba, amma da suka yi mata irin tambayar da kansu, ta ambaci sinadarin ba tare da ta tambaye su abin da za su yi da shi ba, alhali kowane ma'aikacin lafiya da wannan tambayar zai fara.

Wani binciken da masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka fitar a 2025 ya fi ba da mamaki. Sun ba mutum 1,298 labaran rashin lafiya, suka ce su nemi sanin cutar. Idan aka ba manhajar cikakken bayani kai tsaye, takan gano cutar a kusan kashi 95 cikin 100. Amma da mutane suka yi hira da ita da kansu, waɗanda suka dace ba su kai kashi 35 ba. Dalili kuwa, mutum yakan bar muhimmin bayani bai faɗa ba, ita kuma takan cakuɗa amsa mai kyau da marar kyau, ya rasa wadda zai ɗauka. Waɗannan fa Turawa ne da ke magana da ita da harshen da ta fi ƙwarewa a kai.

Matsalar harshe

Mafi yawan abin da waɗannan manhajoji suka koya da Ingilishi ne, sai Faransanci da sauran manyan harsuna, Hausa kuwa kaɗan ce a ciki. Ga shi kuma sunayen cututtukanmu suna da faɗi. Idan mace ta ce tana da sanyi, mura take nufi ko ciwon mara? Idan namiji ya ce basir ke damunsa, zai iya zama kumburin ciki ko zubar jini ko wani abu da ya fi haka muni. Kalmar shawara ma kanta, ga wadda ake nema wurin manya, ga kuma ciwon da ke sa ido ya yi rawaya. Malamin asibitin da ya tashi a cikinmu zai bi ka da tambaya har ya gane inda ka dosa, ita kuwa waya za ta iya ɗaukar ma'ana guda ta yi ta zuba a kai.

Bugu da ƙari, akwai al'adunmu da sai an gaya mata. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka gano alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke tara ruwa a jiki. Mai jegon da ta tambayi waya dalilin kumburin ƙafarta da haki, ba ta kuma ambaci kunun kanwa ba, ta ɓoye rabin labarin ke nan. Irin wannan kumburi da haki ma ba na waya ba ne, na asibiti ne a ranar.

Inda take da amfani

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ake yi a yi watsi da abin baki ɗaya. A ƙasar Kenya, wani rukunin asibitoci mai suna Penda Health ya sa irin wannan manhaja tana duba aikin ma'aikatansa a asibitoci 15 na birnin Nairobi, inda rahoton da aka fitar a 2025 kan ganin marasa lafiya kusan sau 40,000 ya nuna kuskuren gano cuta ya ragu da kashi 16 cikin 100, na ba da magani kuma da kashi 13. Sai dai a lura, a can manhajar tana bayan ma'aikacin lafiya ne tana tunasar da shi, shi ne kuma mai yanke hukunci.

Ga ɗan kasuwa, amfaninta ya fi yawa a kan abin da ya shafi yau da gobe, wato ci da sha da motsa jiki da tuna lokacin magani, abubuwan da likita ya riga ya faɗa amma hidimar kasuwa ke sa a manta. Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire. Ta ce sukari kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12 a yini ga babba, in an rage zuwa rabin haka ya fi, wanda mai shan shayi zagaye uku da lemon kwalba kan wuce tun kafin la'asar. Ta kuma ce a samu aƙalla minti 150 a mako ana motsa jiki, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar. Wanda aka auna jininsa a ranaku biyu daban-daban aka ga yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, yana da hawan jini, ko da ba ya jin ciwon komai.

A nan ne waya za ta yi rana. A ɗauka ga wata mai sayar da abinci da asibiti ya tabbatar mata da hawan jini, aka ɗora ta a kan magani. Tana iya cewa da manhajar: "Ni mace ce, shekaruna 48, ba ni da ciki, ina da hawan jini, ga sunan maganin da aka ba ni a asibiti. Abincinmu tuwon gero ne da fura da dambu da wake da zogale da kifi. Ki tsara mini yadda zan rage gishiri a miyata ba tare da ta yi lami ba, ki kuma tambaye ni duk abin da kike buƙatar sani kafin ki amsa." Mai irin wannan tambaya za ta samu amsa mai ma'ana, kamar a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta a rage dunƙule. Wadda kuwa ba ta faɗi inda take da abin da take ci ba, sai a lissafo mata abincin Turawa da ko a Maraɗi sai an sha wuya kafin a same shi.

Haka kuma za ta iya taimaka wa mutum ya tsara tambayoyin da zai yi wa likita kafin ya shiga, ya riƙa rubuta awon jininsa ko na sukarinsa kamar yadda yake rubuta bashi a littafi, ko ta fassara masa kalmomin Faransanci da ke takardar asibiti. Amma yawan ƙwayar da za a sha da lokacinta, abin da aka faɗa a asibiti ko kantin magani mai lasisi shi ne magana. Kada a ƙara, kada a rage, kada a daina saboda waya ta ce. Mai ciwon sukari da ke son yin azumin Ramadan, da likitansa zai zauna tun watan Sha'aban. Babban haɗari kuma shi ne mutum ya karɓi sunan magani daga waya, ya je ya saya wurin masu tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana, ya haɗa makafi biyu su yi masa jagora.

Lokacin da za a ajiye waya

Mutanen Madarunfa ba za su manta da damunar 2018 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a yankin cikin watan Yuli, ta bazu zuwa wasu sassan Nijar, ta kama mutum fiye da 3,000. Wannan cuta tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya ga gudawa kamar ruwan shinkafa, ya dama ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi guda a lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba marar lafiya ana kan hanyar asibiti.

Haka zazzaɓi yake ga yaro, musamman daga Yuli zuwa Oktoba lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa. Babu manhajar da za ta iya sanin ko zazzaɓin cizon sauro ne sai an ɗiga jini an auna, kuma ana so a yi awon kafin kwana guda ya cika. Idan yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na faɗawa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, to a rufe rumfa. Igiyar awon dantse da ake raba wa iyaye mata, idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ita ma hukuncinta ke nan. Mai ciki kuma da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannu, ko ta ji ɗan ya daina motsi, kada ta tsaya tambayar kowa. Ga manya, ciwon ƙirji mai danna mutum, karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki da sarƙewar harshe duk na gaggawa ne, tarin da ya wuce mako biyu kuma a je a auna majina. A tuna cewa tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta a asibitocinta, ko da yake akan yi fama da ƙarancin magani.

Sirrin ciki sai hanji

Akwai kuma batun sirri. Abin da ka rubuta wa manhaja yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma a wasu manhajojin ana iya amfani da shi wajen ƙara koyar da su in ba ka hana ba. Nijar da Nijeriya duk suna da dokar kare bayanan jama'a, ta Nijeriya ma a 2023 aka sa mata hannu, amma rigakafi ya fi magani. Babu buƙatar sa cikakken suna ko lambar waya ko hoton fuska, takardar asibiti kuma a rufe sunan da ke kanta kafin a ɗauki hotonta. Iyayenmu mata da ba sa karatu, waɗanda ke ba yaron shago ko ɗan maƙwabta waya ya rubuta musu, su sani cewa hirar tana nan a ajiye, kowa ya buɗe zai gani. Ciwon da ba za ki faɗa a tsakiyar kasuwa ba, kada ki bar shi a wayar da ba taki ba.

A yi hattara kuma da bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, inda za a ga mutum da farar riga yana tallar maganin da ke warkar da sukari da hawan jini da ciwon daji a lokaci guda. Da wannan fasaha ake ƙirƙirar fuska da muryar mutum a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a Janairun 2024 mai ɗauke da shawarwari fiye da 40, ta gargaɗi gwamnatoci da kamfanoni kan haɗarin amsoshin ƙarya ko na son zuciya ko waɗanda ba su cika ba, ta kuma nemi a riƙa sa ma'aikatan lafiya da marasa lafiya cikin tsara waɗannan manhajoji tun daga tushe.

Kafin gwamnatoci su yi nasu, mu ma akwai namu. Kowane mai rumfa yana da yaron da ke taya shi lissafi, yana tuna masa wanda ake bi da wanda ke bi, amma ba shi ke yanke farashi ba, ba a kuma ba shi makullin sito. To, wannan matsayi shi ya dace da likitan cikin waya. Ya tuna maka da magani, ya taya ki lissafin gishiri, ya shirya muku tambayar da za ku kai asibiti. Ranar da jiki ya yi magana kuwa, cinikin yini guda bai kai ran mutum ba, kasuwa tana nan za ta sake ci mako mai zuwa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a nema.